Ungozomar da Ta Gudu daga Naƙuda

A ɗakin haihuwa na babban asibitin garin babu mai kiranta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Sista Nishi ake ce mata, tun daga kan likitoci har masu goge ƙasa, kuma ita ta jawo wa kanta sunan. Tun daga bakin ƙofa, inda 'yan rakiya ke zama a dogon benci rungume da fulas da zannuwa, ana jiyo muryarta: "Yi nishi! Nishi na ce, ba ihu ba!" Shekara goma sha huɗu ta yi a wannan ɗaki mai gado shida da korayen labulaye da ba sa rufuwa ruf. Hannunta yana da kyau, wannan kowa ya shaida. Jaririn da ya fito shiru, ita ake kira. Macen da jini ya ɓalle mata, ita ake kira. Bakinta ne dai ba daɗi.

In mace ta cika kuka sai ta ce, "Ke kika fara haihuwa a duniya?" In ta riƙe mata riga sai ta ɓamɓare hannun ta ce, "Ni na yi miki cikin?" In suka sami sarari kuma, ita da abokan aikinta sukan shige ɗan ƙaramin ɗakin da suke shan shayi, mai tebur ɗaya da butar lantarki, a nan take kwaikwayon matan. Ta iya muryar wadda ta riƙa kiran sunan mijinta tana tsine masa, ta iya tafiyar wadda ta ce ta fasa haihuwar, a ba ta takalmanta ta koma gida. Ana dariya har da riƙe ciki. Babbar mai taya ta ita ce ƙawarta Doguwa, wadda suka fara aiki rana ɗaya. Ba mugunta ba ce a ganinsu. Aiki ne mai cin rai, in ba a yi dariya ba sai a yi kuka.

Sista ce ta fari a wurin mahaifiyarta, Inna, wadda ta haifi takwas ba a taɓa ko sa mata ruwa ba, kuma ba ta gajiya da faɗin haka. Da matar ƙanin Sista ta zo haihuwar fari, naƙuda ta yi tsawo, bugun zuciyar yaron ya fara sauka, aka shiga da ita tiyata. Sista ta san dalilin sarai, ita ce ma ta kira likita. Amma da aka taru a gida ana barka, sai ta ce cikin wasa, "'Yan matan yanzu ragwaye ne, ciwo kaɗan sai a kawo wuƙa." Aka yi dariya. Matar ƙanin ta sunkuyar da kai tana gyara wa jaririnta hula.

Ba ta yi aure da wuri ba. Tana da shekara talatin da biyar ta auri wani mai gyaran firji, mutum mai sanyin hali da ƙarancin magana, wanda ya zo gyara firjin ajiye allurai a asibitin, ya gama gyaran amma bai daina zuwa duba shi ba. Shagonsa yana bakin titi, cike da tsofaffin firji marasa ƙofa da tukwanen gas. Shi ma Sista yake ce mata, ko a gida. In ta ɗaga murya sai ya ce, "A hankali, Sista, ni ba naƙuda nake ba."

Shekara ɗaya da auren ta sami ciki. Murna a wurin aiki ba a magana, tsokana kuma ta fi murnar yawa.

"To, yau ga ranarki," in ji Doguwa. "Gado na uku zan ajiye miki, wanda ke fuskantar ƙofa. Ni zan tsaya a kanki, duk abin da kika faɗa wa matan mutane sai na maimaita miki."

"Ni?" in ji Sista. "Ai sai dai ku ji kukan jariri. Da kaina zan yanke cibiya in zo in same ku a wurin shayi."

Haka ta riƙa cewa har cikin ya shiga wata na shida. A nan ne abin ya fara, kuma ba ta iya cewa ga ranar da ya fara ba. Ta dai lura idan tana sa safar hannu sai tafin hannunta ya jiƙe. Ta lura ta daina kallon fuskar matan, ƙasa kawai take kallo, ta yi abin da ya kawo ta.

Wata ranar Talata da hantsi aka kawo wata yarinya mai haihuwar fari, siririya, ba ta ihu ko kaɗan, sai cizon leɓe. Kan yaron ya yi girma. Sista ta ɗauki almakashi za ta yi mata ƙari, ta ɗan yanka don yaron ya sami hanya, abin da ta yi sau ɗaruruwa, sai yarinyar ta cafke mata wuyan hannu ta ce a hankali, "Anti, ke ma ciki gare ki. Don Allah ki faɗa mini gaskiya, mutuwa zan yi?" A daidai lokacin abin da ke cikin Sista ya motsa, ya harba ta ƙarƙashin haƙarƙari. Ta tsaya da almakashi a hannu. Doguwa ce ta ture ta gefe ta karɓi aikin. Yarinyar ta haihu lafiya, Sista kuwa ta shige banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji ta, ta yi amai, ta zauna a kan murfin masai. Da ta fito ta ce jiri ne, ba ta karya da safe ba.

Matan da ke zuwa haihuwar fari tsoron abin da ba su sani ba suke ji. Ita abin da ta sani ne yake cinta. Ta san yadda fata ke yagewa da irin ƙarar da take yi. Ta san matan da suka koma gida ba sa iya riƙe fitsari, suna zuwa bayan wata uku suna faɗa da raɗa. Ta san awa nawa mace kan yi kafin a ce a shiga da ita tiyatar gaggawa, ta sha wahala biyu. Duk wannan da sauƙi a kan ɗaya. Ta san labulen gado na uku ba ya rufuwa. Ta san mace a wannan hali ba ta da iko da bakinta, ba ta da iko da bayanta, komai yana iya fitowa a gaban kowa. Kuma ta san ɗakin shayi. Ta riƙa ganin kanta a kwance tana kiran Inna, tana roƙon a taimake ta, sannan ta ga wata ƙaramar nas, cikin waɗanda ta koya wa aiki, tsaye kusa da butar lantarki tana kwaikwayon muryarta. Canja asibiti ma ba zai raba ta da wannan ba, don duk ungozomar garin ta san ta, rabinsu ma ta taɓa yi musu tsawa.

Ranar hutunta ta hau mota zuwa wani ƙaramin asibiti a can ƙarshen gari, wurin wata tsohuwar likitar mata da ta taɓa aiki a ƙarƙashinta. Ofishin ƙarami ne, fanka tana juyawa a sama, tebur cike da fayil. Likita ta auna ta, ta ɗauki hoton cikin, ta juyo mata da allon.

"Ga kai nan a ƙasa, ga mabiyiya a sama inda ya kamata. Jininki lafiya, ƙugunki da faɗi. Ke kam sai dai a ce Allah ya raba lafiya."

"Likita, aiki nake so a yi mini."

Likita ta cire tabarau. "Saboda me?"

"Shekaruna. Talatin da shida, haihuwar fari."

"Na karɓi ta mai arba'in da biyu makon jiya."

"Kuma ga hutun aiki, in na san ranar zan iya tsara komai. Maigidan ma yakan yi tafiya gyara a wasu garuruwa, kada abin ya zo ba ya nan."

"Sista," in ji Likita, "ni da ke mun tsaya a kan mata nawa? Kin san aiki ba wasa ba ne. Ciki za a buɗe. Akwai jini, akwai ciwon da kan ƙi warkewa, akwai tabon da zai zauna a mahaifa ya jira ciki na gaba. Ke kike faɗa wa mata wannan. Yanzu faɗa mini abin da ya kawo ki."

Sista ta kalli fankar. Da maganar ta fito, da ƙyar ita kanta ta ji ta.

"Tsoro nake ji."

Ta jira dariya, ko faɗa, irin wanda da ita ce a kujerar da ta yi. Likita ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce akwai allurar baya mai kashe zafin naƙuda. Sista ta ce ta sani, ta kuma san sau nawa ake neman mai yin allurar a ce yana wani ɗakin. Likita ta ce ta je ta yi tunani mako biyu. Ta je, ta dawo ranar da mako biyun ya cika, maganarta ba ta canja ba.

"Shi ke nan," in ji Likita. "Jikinki ne, kin kuma san abin da kike zaɓa fiye da yawancin masu zuwa nan. Zan yi miki in lokaci ya yi."

"Sai abu ɗaya. In za ki rubuta a fayil, ki sa ya kwanta a gicciye."

Likita ta ajiye biro. "Aiki zan yi miki. Ƙarya ba zan rubuta ba. Abin da za ki faɗa a gida kuma, wannan tsakaninki da su ne."

A mota tana komawa ta shirya yadda za ta faɗa wa maigidan gaskiya. Ta biya ta shagon. Ta same shi tsugune bayan wani firji, hannunsa duk baƙin mai. Ya ɗago ya ce, "Yaya, me likita ta ce?" Sai ta ji bakinta ya ce, "Wai yaron ya gicciye. Sai an yi aiki."

Ya ajiye sufana a ƙasa a hankali. Ya goge hannunsa a tsumma, ya sake gogewa, ya jawo mata kujera.

"Akwai hatsari?"

"A'a, ba komai. Ana yi kullum."

"Ke za ki ce haka don kada hankalina ya tashi."

Tun daga ranar ya daina karɓar aikin wajen gari. Ya hana ta ɗaukar ko bokiti. Yakan bar shago da rana tsaka ya zo gida wai ya manta wani abu, ya leƙa ta, ya koma. Mutumin da ba ya wasa da abinci ya fara barin rabi a kwano.

Inna kuwa da ta ji, washegari ta iso da jakarta. Ta zauna a bakin gado ta sa Sista ta kwanta, ta shafa mai a hannu ta riƙa bin cikin a hankali tana addu'a. Kullum safe sai ta yi haka. Wani lokaci takan tsaya da hannunta a ƙasan cikin, ta yi shiru, sannan ta ci gaba. Sista takan juya fuska bango. Ta sha jin mata suna cewa kunya kamar ƙasa ta tsage su shige, ita tata ba haka take ba. Tata zama ta yi a maƙogwaro kamar ƙwayar magani da ta ƙi wucewa, ta ci abinci tana nan, ta sha ruwa tana nan.

Wadda ta fi ƙona mata rai ita ce matar ƙaninta. Ta zo da wata leda, ta zauna kusa da ita ta riƙa fito da kaya: ɗan ƙaramin matashi, da faffaɗan wando mai laushi wanda ba ya taɓa wurin ɗinki.

"Yaya, wannan matashin ki riƙa danna shi a wurin in za ki yi tari ko atishawa. Kuma ranar farko da za su ce ki tashi, kada ki miƙe kai tsaye, ki juya gefe tukuna. Kin fi ni sani, amma sani daban, ji a jiki daban." Ta ɗan yi murmushi. "Kada ki damu da abin da mutane za su ce. Lalura ce, ba ke kika zaɓa ba."

Sista ta ce ta gode. Da matar ta tafi ta tura ledar ƙarƙashin gado.

A wurin aiki ma haka ta faɗa. Doguwa ta ce, "Kai, an cuce ni, na riga na haddace abin da zan faɗa miki. Kawo in taɓa in ji." Sista ta kauce ta ce ana kiranta a waya.

An yi aikin a can asibitin Likita, ranar wata Alhamis da ƙarfe goma na safe. Ta shiga da ƙafarta, ta hau gadon da kanta, ta lanƙwasa baya aka yi allura. Aka kafa kore zane a gaban fuskarta. Tana jin ana ja ana turawa kamar ana binciken jaka, ba zafi, tana jin ƙarar kayan aikin da ta san sunan kowanne. Minti goma sha biyu sai kuka. Mace ce, mai gashi, mai ƙarfin murya. Da aka kawo ta kusa da kumatunta, Sista ta yi kuka ita ma, na murna tsantsa, kuma na ɗan wannan lokacin babu komai a maƙogwaronta.

Da allurar ta sake ta, ta gane abin da matar ƙaninta ke nufi. Washegari wata ƙaramar nas ta zo ta ce, "Anti, sai a daure a tashi a taka." Ta juya gefe, ta sauke ƙafa, ta ji kamar an ɗora mata dutsen guga mai zafi a mara. Taku huɗu ta yi zuwa ƙofar banɗaki tana rataye a kafaɗar yarinyar, tana cewa "wayyo, wayyo, tsaya." Nas ɗin ba ta ce mata ita ta fara haihuwa a duniya ba. Cewa ta yi, "Sannu, Anti, kin yi ƙoƙari, saura kaɗan." Sista ta rasa inda za ta sa idonta. Ta aika maigidan gida ya ɗauko ledar da ke ƙarƙashin gado.

Rana ta biyu da la'asar Doguwa ta zo da kayan aiki a jikinta. Ta ɗauki jaririyar ta yi mata wasa, ta ce hancin uban ne, Allah ya rufa asiri. Sannan, saboda hannun nas ba ya ganin fayil ya ƙyale, ta zaro wanda ke rataye a ƙarshen gadon ta buɗe. Sista tana kallonta. Ta ga idonta ya sauka layi-layi, ya tsaya, ya koma baya. Ta san abin da ke wurin, rubutun Likita ne mai kama da tafiyar tururuwa: kai a ƙasa, uwa da ɗa lafiya, an yi aiki bisa buƙatar uwa.

Inna tana zaune a kujera tana ninke zannuwa. Doguwa ta rufe fayil ɗin ta mayar.

"Yaya, 'yar nan, me suka rubuta?" in ji Inna.

"Komai lafiya, Inna. Ɗinki ya yi kyau."

Da za ta tafi ta sunkuya kamar za ta gyara matashi, ta ce a kunnen Sista, "Da kin faɗa mini. Wallahi da na rufe labulen da jikina." Ta fita. Ba ta taɓa ɗaga maganar ba bayan nan, ko a ɗakin shayi, ko a ko'ina, kuma wannan shirun ya fi wa Sista nauyi a kan a ce ta yi mata dariya.

A gida 'yan barka suka riƙa zuwa. Kowacce ta zauna sai ta ce, "Ashe wahala aka sha, sannu." Inna kuma ta karɓe: "Ai da ba don yarinyar ta gicciye ba, wannan da ko ungozoma ba ta nema. Jinina ce." Sista tana zaune da matashi a mara tana amsa sannu, tana ji kamar tana karɓar kayan da aka aiko wa wata.

Maigidan ta fara faɗa wa, bayan wata biyu. Da safe ne, yana ɗaure igiyar takalmi zai fita. Ta faɗa a tsaye, da sauri, kamar mai ba da rahoton mara lafiya. Ya gama ɗaure takalmin, ya zauna yana kallon ƙasa.

"Wato lafiyarta ƙalau tun farko."

"Ƙalau."

"Ke ma."

"Ni ma."

"Sista, ni ina ruwana da ta inda ta fito? Da kin ce mini tsoro kike ji, da ni zan kai ki da kaina. Ni ma ai tsoron lantarki nake ji, kullum kuma a cikinsa nake." Ya ɗago ya dube ta. "Wata biyu da rabi ina kallonki ina cewa ko wannan ce ganin ƙarshe. Ranar aikin, a bakin ƙofar nan, har na fara tunanin wa zai riƙe yarinyar. Wannan kika yi mini."

Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita. Ya yi kusan mako yana gaishe ta kamar baƙuwa, sannan a hankali ya dawo yadda yake. Amma ta lura, har yau in ta ce masa "ba komai," sai ya ƙara kallonta sau ɗaya.

Inna ta fi wuya. Sau uku tana ɗaukar maganar tana ajiyewa. Sai ranar da Inna ke haɗa jakarta za ta koma gidanta, Sista ta tsaya a bakin ƙofa da yarinyar a kafaɗa ta ce, "Inna, akwai abin da ban faɗa miki daidai ba."

Inna ba ta ɗago ba. "Na gicciyewar?"

Sista ta gyara yarinyar a kafaɗa.

"Ni fa na shafa cikin nan da hannuna kullum safe. Kai yana ƙasa tun ranar da na zo. Kin ɗauka sai wanda ya je makaranta ya san kan yaro?"

"To addu'ar da kike yi ya juya?"

"Wa ya ce miki ya juya nake roƙo? Ke nake wa." Ta ja zif ɗin jakar, ya maƙale, ta sake ja. "Lokacin da zan haife ki, da aka ce mini ga wata ƙofa, ko ta ina ce da na bi. Babu ne. Da babu, sai muka mai da shi abin alfahari, to me za mu yi da shi?"

"Amma kina ta faɗa wa mutane..."

"Zan kuma ci gaba da faɗa. Ke kika fara, ni na taya ki rufewa. Kada ki sa a ce ni ma maƙaryaciya ce." Ta rataya jakar. "Wadda za ki nema gafara ba ni ba ce. Kin san ta."

Ta san ta. Ta je gidan ƙaninta har sau biyu da niyyar, suka yi hirar haƙoran yara da tsadar madara, ta dawo ba ta faɗa ba. A karo na uku ta mayar wa matar ƙanin matashin, ta ce, "Abin nan ya yi mini amfani. Kuma maganar da na yi ranar barkarki, ban kyauta ba." Matar ƙanin ta ce, "Wace magana?" da irin muryar da ke nuna ta tuna kowace kalma. Iyakar abin da Sista ta iya ke nan. Sauran ba ta faɗa mata ba, har yanzu matar tana ɗauka lalura ce.

Da hutunta ya ƙare ta koma ɗakin haihuwa, ta yi wata huɗu. Hannun yana nan yadda yake, muryar ce ta ƙi fita. In ta buɗe baki za ta yi tsawa sai ta ji kamar kowa a ɗakin ya karanta fayil ɗinta. Ta daina shiga ɗakin shayi, takan sha nata a tsaye a baranda. Daga baya ta rubuta takarda ta nemi a mai da ita sashen awo, aka mai da ita.

Bayan shekara biyu ta sake samun ciki. Wannan karon da Likita ta juyo mata da allon ba ta yi murmushi ba. Mabiyiya ta sauko ƙasa ta zauna a kan tsohon tabon. Likita ta ce ana samun haka ko ga wadda ba a taɓa yi wa aiki ba, amma tabo yana ƙara jawo shi. Yanzu kam aiki ya zama dole, da dalili na gaskiya rubuce a fayil, wanda za ta iya nuna wa kowa. Ba ta ji daɗin da ta zaci za ta ji ba. Aikin ya ɗauki awa uku, jini ya zuba sosai, sai da aka ƙara mata leda huɗu, ɗaya daga jikin ƙaninta. Namiji ne, ya rayu, ita ma ta tashi. Likita ta ce a tsaya haka nan, kada a sake. Maigidan ya ce biyu sun ishe shi, da ma shagon ba zai ɗauki magada da yawa ba.

Yanzu tana ɗaki na biyu a sashen awo, mai sikeli a bakin ƙofa da na'urar gwada jini a kan tebur. Mata suna jeruwa a benci da katinsu a hannu tun ƙarfe bakwai. Ta yi ƙiba kaɗan, ta fara sa tabarau. Ba za a ce ta zama mai laushi ba, har yanzu tana faɗa in mace ta bar shan maganin ƙarin jini.

Kwanan baya wata mai sayar da yadi ta shigo, cikin fari, wata bakwai. An gama awo, an rubuta komai, amma ta ƙi tashi. Tana ta murza bakin mayafinta.

"Sista, wai ana iya yi wa mutum aiki ko da... ko da ba abin da ya same shi?"

"Me ya sa kike tambaya?"

"Wata ce ta ce in tambayar mata."

Sista ta tashi ta tura ƙofar ta rufe. Ta zauna ta faɗa mata komai, na wannan hanyar da na waccan, ba ta rage wa kowacce ba: zafin naƙuda da abin da ake iya yi a rage shi, yagewa da ɗinki, taku huɗu zuwa banɗaki, tabon da ke jiran ciki na gaba, leda huɗu na jini. Matar tana saurare da baki buɗe.

"Ke wanne kika yi, Sista?"

Ta gyara tabarau, ta duba katin da ke gabanta kamar akwai abin da ta manta ba ta rubuta ba.

"Aiki aka yi mini. Na farkon ni na nema."

"Saboda me?"

"Abin da ya sa waccan ta aiko ki tambaya." Ta miƙa mata katin. "Ki ce mata ta je ta ga likita, ta faɗi gaskiyar abin da ke damunta. Kuma duk wanda ta zaɓa, ta faɗa wa mijinta tun yanzu."

Matar ta karɓi katin ta sa a jaka, ta yi godiya ta fita. Ba ta dawo awo a ranar aikin Sista ba, don haka Sista ba ta san yadda ta ƙare ba. Ta buɗe ƙofar ta leƙa benci, ta ce mai lamba goma sha tara ta cire takalmi ta hau sikeli.